Me Ya Sa Waya Ke Mutuwa Alhali da Sauran Caji?

Akwai wani abu da ya zama ruwan dare a tsakanin ɗalibai da malamansu a wannan zamani, wanda kusan duk mai riƙe da wayar salula irin ta komai-da-ruwanka ya taɓa gamuwa da shi. Ɗalibi zai dubi fuskar wayarsa ya ga ta nuna saura kashi 35 cikin ɗari na caji, hankalinsa kwance, ya buɗe kyamara domin ya ɗauki hoton abin da malami ya rubuta a allo, ko kuwa ya shiga intanet domin ya duba sakamakon jarrabawarsa, sai kawai fuskar ta yi baƙi ƙirin, wayar ta mutu ba sallama. Ya danna, ya sake dannawa, shiru. Idan ya bar ta ta huta na 'yan mintoci, ko ya jona ta a caja, sai ta farfaɗo tana nuna kashi 30, kamar ba ita ce ta yi wannan aika-aika ba. Wata wayar kuma ba ta mutuwa farat ɗaya, sai dai a cika ta da asuba, kafin azahar ta zuƙe cajin tas.

Abin da kan biyo baya shi ne zarge-zarge. Wani ya ce ai wayar jabu ce, wani ya ɗora laifin a kan mai shagon caji, wani ya ce ƙwayar cuta ce ta shige ta. Daga nan sai a garzaya wurin mai gyara a ce ya yi mata filashin, wato ya goge duk abin da ke cikinta ya sake zuba mata manhaja. A biya kuɗi, a yi asarar hotuna da littattafan karatu da lambobin 'yan uwa, bayan kwana biyu kuma wayar ta koma gidan jiya. An yi ba a yi ba ke nan.

Abin takaici a nan shi ne, bayanin wannan matsala yana nan a cikin darasin fiziks na babbar sakandare, a babin da ke magana a kan lantarki. Ɗalibin da ya haddace wannan babi domin jarrabawa, sa'an nan ya kasa gane shi a cikin wayar da ke aljihunsa, to bai ci moriyar karatunsa ba tukuna. Kamata ya yi kafin a kashe ko sisin kwabo a kan wayar da ke mutuwa, a fara yi mata abin da masanin kimiyya ke yi wa duk wani abu da ya ɗaure masa kai: lura, tambaya, da gwaji.

Abin da ke cikin batir

Batirin wayoyin zamani na sinadarin litiyam ne. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara fito da irinsa kasuwa a shekarar 1991, kuma a 2019 aka ba wa masana uku, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai saboda aikin da suka yi wajen samar da shi. A cikinsa akwai ɓangarori biyu da aka raba da wani siririn shãmaki mai ƙananan ƙofofi. Ɗaya ɓangaren an yi shi da girafait, wato irin baƙin abin nan da ke cikin fensir, ɗayan kuma galibi haɗin litiyam ne da kobalt da iskar oksijin. Tsakaninsu akwai wani ruwan sinadari. Idan ana caji, ƙwayoyin litiyam kan yi ƙaura ta cikin wannan ruwa su je su maƙale a cikin girafait. Idan ana amfani da wayar kuma sai su juyo gida, kuma wannan juyowa tasu ita ke tura lantarki zuwa sassan wayar.

Ƙarfin wannan turi ana auna shi da bolt, sunan da aka ciro daga na Alessandro Volta, mutumin Italiya da ya ƙera batiri na farko a shekarar 1800. Batirin waya idan ya cika yakan kai bolt 4.2 zuwa 4.4, gwargwadon ƙirarsa, kuma yana raguwa a hankali yayin da ake aiki da shi. Idan ya sauko zuwa wajen bolt 3 da ɗan wani abu, sai wayar ta kashe kanta. Da gangan aka tsara ta haka, domin na'urorin cikinta ba su iya aiki daidai da ƙarfin da ya gaza wannan, kuma shi kansa batirin yakan lalace idan aka tatse shi fiye da kima.

To, ina lambar nan ta kashi kaza cikin ɗari take fitowa? Babu wata taga da waya ke leƙawa ta ga yawan cajin da ya rage, kamar yadda uwargida ke leƙa randa ta ga inda ruwa ya tsaya. Wata 'yar ƙaramar na'ura ce ke ƙididdige lantarkin da ya shiga da wanda ya fita, ta haɗa da ƙarfin bolt da kuma zafin batirin, sa'an nan ta yi ƙiyasi. Muddin batirin sabo ne, ƙiyasin kan zo daidai. Idan ya tsufa kuwa, halinsa ya sauya, sai lissafin ya fara kuskure. Saboda haka lambar da ake gani hasashe ce, kuma ya kamata a riƙa kallonta a matsayin hasashe.

Rijiyar bazara

Tsufan batir iri biyu ne, kuma rashin bambance su ne ke rikita mutane. Na farko shi ne raguwar abin da yake iya ɗauka. Duk lokacin da aka yi caji aka sauke, wani ɗan kaso na litiyam kan haɗu da ruwan sinadarin nan ya zama wani ɓawo a jikin girafait, kuma litiyam ɗin da ya shiga wannan ɓawo ya daina zirga-zirga ke nan har abada. Kamfanin Apple, alal misali, ya bayyana cewa batiran wayoyinsa har zuwa iPhone 14 an ƙera su ne domin su riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsu na asali bayan zagayen caji 500. Zagaye ɗaya yana nufin a yi amfani da cajin da ya kai kashi 100, ko a zama ɗaya ko a rarrabe. Wanda ke ƙarar da cajin wayarsa sau ɗaya kullum zai cika zagaye 500 a ƙasa da shekara ɗaya da rabi. Batirin da aka rubuta 5000 mAh a jikinsa ya koma na 4000 ke nan, amma wayar za ta ci gaba da nuna kashi 100 idan ya cika, domin kuwa ƙaramin tulu ma idan ya cika, ya cika.

Tsufa na biyu shi ne wanda ke kawo mutuwar farat ɗaya, kuma shi ne ƙaruwar turjiyar cikin batir. Ɓawon nan da ke yin kauri, tare da sauran sauye-sauyen da ke faruwa a ciki, suna hana ƙwayoyin litiyam wucewa da sauri. Duk wanda ya san rijiya a lokacin bazara zai gane wannan. Ruwa yana nan a ƙarƙashin ƙasa, amma idanun rijiyar sun toshe, sai tsattsafowa yake yi a hankali. Idan mace ɗaya ce ke jan guga jefi-jefi, za ta cika tulunta lafiya lau. Idan kuwa mata biyar suka zura gugansu lokaci ɗaya, nan da nan za a fara jawo taɓo, a ce rijiya ta ƙafe. A ba ta rabin sa'a, sai a ga ruwa ya sake taruwa. Haka tsohon batir yake. Kyamara mai fitila, da wasan bidiyo, da neman sabis a wurin da yake da rauni, su ne matan nan biyar.

Lissafin abin ba shi da wuya, kuma duk ɗalibin ajin kimiyya ya san shi: V = E − Ir. Wato ƙarfin da ke isa ga wayar shi ne ƙarfin batirin na asali, a debe abin da ya salwanta a cikinsa, wanda shi ne yawan lantarkin da ake ja a ninka shi da turjiyar ciki. A ɗauka, a matsayin misali, batir yana kan bolt 3.7, kuma wayar an tsara ta ta mutu idan abin da ke isa gare ta ya gaza 3.3. Idan batirin sabo ne mai turjiyar om 0.1, aka buɗe kyamara ta ja amfiya 2, abin da zai salwanta shi ne bolt 0.2, saura 3.5, waya ta ci gaba da aikinta. Idan kuwa ya tsufa turjiyarsa ta kai om 0.3, amfiya 2 ɗin nan dai za su cinye bolt 0.6, saura 3.1, sai wayar ta ɗauke. Da zarar ta mutu, babu sauran mai jan lantarki, I ya koma sifili, V ya koma 3.7, shi ya sa idan aka kunna ta sai a tarar da cajin yana nan. Ƙa'idar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ita ce dai ke aiki a cikin aljihun ɗalibi.

Sanyi ma yana ƙara wannan turjiya, amma na ɗan lokaci. Shi ya sa tsohuwar waya kan fi mutuwa da sanyin asubar hunturu, musamman a wurare irin su Jos, idan rana ta ɗaga kuma ta warware. Wannan ba ya yi wa batir lahani mai ɗorewa. Mai yin lahanin shi ne zafi.

Zafi, babban abokin gaba

Malaman kimiyyar sinadarai suna koyar da cewa haɗuwar sinadarai da yawa kan kusan ninka saurinta idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Haɗuwar da ke gina ɓawon nan a cikin batir ita ma zafi na hanzarta ta, musamman idan batirin cike yake. Apple ya ce wayoyinsa an ƙera su ne domin aiki tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma ya yi gargaɗin cewa zafin da ya wuce 35 yana iya rage ƙarfin batir har abada. Mai karatu ya kwatanta wannan da Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, inda ma'auni kan haura digiri 40 a inuwa. Ashe wayar da ke ƙasar Hausa tana shafe makonni a kowace shekara a cikin yanayin da masu ƙera ta suka ce a guje masa. Ba abin mamaki ba ne idan batirinta ya riga na takwararta da ke ƙasar sanyi tsufa.

Babu wanda ke da iko a kan zafin rana, amma akwai zafin da mutum ke ƙara wa wayarsa da hannunsa. Caji yana haifar da zafi, kallon bidiyo ma haka, to ina ga wanda ya haɗa biyun, ya kuma tura wayar ƙarƙashin matashi? Akwai direban da ke ajiye tasa a gaban mota rana na dukanta ta cikin gilashi. Akwai kuma shagunan caji, waɗanda ƙarancin wutar lantarki ya sa suka zama dole, inda ake jera wayoyi da dama a ɗan akwati, wata kan wata, kowace na ɗumama 'yar uwarta. Ba adalci ba ne a ɗora wa mai caji dukan laifi, domin caja mai kyau takan daidaita wutar da ke shiga waya ko daga janareta take. Abin da ya kamata a roƙe shi shi ne ya shimfiɗa wayoyin a inuwa, inda iska ke ratsawa, ya cire musu riga mai kauri, ya kuma guji cajojin nan marasa nauyi da ake sayarwa da arha.

Masana kan ba da shawarar a riƙa tsayar da caji tsakanin kashi 20 da 80, kuma shawara ce mai tushe, har wasu wayoyin sun zo da wurin da za a danna su daina caji idan sun kai 80 ko 85. Sai dai wanda bai san yaushe wuta za ta dawo ba, wa zai ce masa ya zare wayarsa a kashi 80? Dole ya cika ta maƙil idan ya samu dama. Irin wannan mutum ya fi kyau ya mai da hankali ga abin da yake iyawa: kada ya bar ta a jone tsawon dare a ɗaki mai zafi bayan ta cika, kada kuma ya mai da tatse ta zuwa sifili al'adarsa ta kullum.

Yadda ake bincike

Ƙa'idar gwaji ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya sauya caja, ya goge manhajoji, ya kuma sayi sabon batir duk a rana ɗaya, ko da wayar ta warke ba zai san abin da ya warkar da ita ba, kuma mai yiwuwa ya biya kuɗin abu biyu a banza. Matakin farko bai buƙatar komai sai takarda da biro. Har tsawon mako guda, duk lokacin da wayar ta mutu a rubuta kashi nawa take nunawa, me ake yi da ita, da zafi take ko da sanyi, kuma kashi nawa ta nuna da aka sake kunna ta.

Wannan 'yar takarda za ta faɗi abubuwa da yawa. Idan mutuwar na zuwa ne a lokacin aiki mai nauyi, kuma galibi idan caji ya yi ƙasa da rabi, sa'an nan wayar ba ta taɓa mutuwa idan tana jone da caja, to alamu sun taru a kan tsufan batir, kuma babu filashin ɗin da zai gyara wannan. Idan tana mutuwa ne lokacin da aka ajiye ta da ƙarfi ko aka girgiza ta, ko da cajinta cike yake, to a yi zargin mahaɗin batirin ya saki, abin da kan faru bayan waya ta faɗi. Idan ta ɗauki zafi sosai kafin ta ɗauke, mai yiwuwa na'urar kariya ce ta kashe ta domin kada ta ƙone. Idan kuwa tana mutuwa ko tana sake kunna kanta hatta a kan caja, ba tare da wani tsari ba, to a nan ne zargi ke komawa kan manhaja, ko kan allon na'urorin ciki wanda masu gyara ke kira fanel.

Manhaja ma akwai hanyar gwada ta kyauta. Wayoyin Android suna da wani yanayi na kariya, wanda a fuskar wayar ake rubuta shi Safe mode, inda wayar ke tashi da manhajojinta na asali kaɗai, ta bar duk waɗanda mai ita ya saukar. A wayoyi da yawa ana shigarsa ne ta hanyar danne alamar kashewa da ke fitowa a fuska na ɗan lokaci. Idan wayar ta yi kwana ɗaya ko biyu a wannan yanayi lafiya, to mai laifin yana cikin manhajojin da aka saukar, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara da ta baya-bayan nan.

Ita kuwa matsalar saurin ƙarewar caji, a cikin saitin kowace waya akwai shafin da ke nuna abin da ya fi cin batir. Sau da yawa hasken fuska ne ke kan gaba, musamman ga wanda ke amfani da waya a tsakar rana. Akwai kuma ɓarawon da ba a cika lura da shi ba, wato raunin sabis. Idan waya ta yi nisa da turken sadarwa, sai ta ƙara ƙarfin saƙon da take aikawa, kamar mai kiran wanda ke can ƙarshen gona, dole ya ɗaga murya. Shi ya sa ɗalibin da ya je hutu ƙauye kan ga cajinsa na zubewa alhali ko taɓa wayar bai yi ba. Gwajin wannan mai sauƙi ne: a rubuta lambar caji da dare, a sa wayar a yanayin jirgin sama, a duba da safe. Washegari a maimaita ba tare da yanayin jirgin ba. Idan bambancin na da yawa, sabis ne ko manhajojin da ke aiki da intanet a ɓoye. Idan a yanayin jirgin ma cajin ya zube sosai, to a koma kan batirin ko fanel.

Kada a manta da caja da igiyarta. Ƙurar hunturu da zaren aljihu kan cushe ramin caji har kan igiyar ya kasa zama daidai, wayar ta kwana a jone amma ba ta sha komai ba. A kashe wayar, a share ramin a hankali da tsinken itace, ban da allura ko wani ƙarfe, sa'an nan a gwada da cajar wani da aka tabbatar da lafiyarta.

Akwai alama ɗaya da ke soke duk wani gwaji. Idan bayan waya ya kumbura, ko fuskarta ta fara ɗagowa daga mazauninta, to iskar gas ce ta taru a cikin batirin. A daina caji nan take, kada a danne shi, kada a huda shi, a kai wa mai gyara. Ruwan sinadarin da ke ciki mai kamawa da wuta ne. A shekarar 2016 kamfanin Samsung ya janye wayoyin Galaxy Note 7 kimanin miliyan biyu da rabi daga kasuwa, daga bisani ya daina ƙera samfurin baki ɗaya, saboda aibin da ya sa batiransu ke kamawa da wuta. Haka nan tsohon batirin da aka cire bai kamata ya shiga bolar da za a cinna wa wuta ba.

Wasu dabarun da ke yawo a bakin jama'a kuwa gara a bar su. Maganar cewa sai an tatse batir tas kafin a yi caji, gado ce daga zamanin batiran nikel, ba ta shafi na litiyam ba. Abin da tatsewa da cikawa sau ɗaya ke iya yi shi ne ta taimaka wa na'urar ƙiyasin nan ta gyara lissafinta, amma ba ta mayar wa batir ƙuruciyarsa. Sa waya a firji yana iya tara laima a cikinta. Manhajojin da ke alkawarin gyara batir kuwa, babu wadda ke da hannun da za ta kankare ɓawon da ke jikin girafait, wasunsu ma ƙara cin cajin suke yi da tallace-tallace.

Hakkin da ke kan masu ƙera waya

Wani zai ce, to idan maganar ta ƙare a kan sauya batir, me ya sa sauyawar ta zama aiki? Tambaya ce mai kyau. A da, mai waya kan ɓalle murfin baya da farce ya cire batir ya sa wani. Yanzu an liƙe shi da gam a ciki, sai mai gyara da kayan aiki. Kamfanoni na cewa hakan ya sa waya ta yi siriri ta kuma hana ruwa shiga, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma kuma ya sa mutane da yawa na jefar da waya mai lafiya saboda sashe ɗaya da kowa ya san zai ƙare tun ranar da aka ƙera shi.

Abin da ya faru da Apple ya isa darasi. Da masu wayoyin iPhone 6 da 6s suka yi ta kukan mutuwar farat ɗaya, sai kamfanin ya fito da sabuwar manhaja, iOS 10.2.1, a watan Janairun 2017, wadda ke rage saurin wayar idan batirinta ya tsufa, domin kada ta ja lantarkin da zai kayar da ita. A fuskar kimiyya dabarar daidai take: an rage I ne a cikin lissafin nan tun da r ya ƙaru, wato an hana mata biyar zura guga lokaci ɗaya. Laifin shi ne ba a fito fili an gaya wa masu wayoyin ba. Sai a watan Disambar 2017, bayan masu gwaji daga waje sun bankaɗo abin, kamfanin ya amsa, ya nemi afuwa, ya rage kuɗin sauya batir daga dala 79 zuwa 29 har ƙarshen 2018, daga baya kuma ya ƙara shafin da ke nuna lafiyar batir. A 2020 hukumomin Faransa sun ci shi tarar yuro miliyan 25, a Amurka kuma ya amince ya biya diyyar da za ta iya kai dala miliyan 500. Wanda ya ga wayarsa ta yi nauyi bai kuma san dalili ba, abin da zai fara zo masa a rai shi ne sayen sabuwa, alhali batir kawai take buƙata. Ɓoye wa mai kaya halin da kayansa ke ciki zalunci ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Tarayyar Turai ta ɗauki mataki a kan wannan. Daga watan Yunin 2025, wayar da za a shigar kasuwarta dole batirinta ya jure zagayen caji 800 yana riƙe da kashi 80 na ƙarfinsa, kuma wata dokar ta 2023 ta tanadi cewa daga 2027 batiran na'urorin hannu su zama waɗanda mai su zai iya sauyawa, tare da wasu togaciya. Masu saye a Kano da Zinder ba su da irin wannan kariya, ga kuma wayoyin da ake kawowa na hannu, waɗanda batiransu sun riga sun ci rabin rayuwarsu a wata ƙasa. Mai sayen irin wannan waya yana da hakkin ya nemi a nuna masa lafiyar batirin idan wayar na nunawa, idan kuma ba ta nunawa, ya kunna kyamara ya ɗauki bidiyo na minti goma a gaban mai sayarwa, ya ga kashi nawa ya sauka. Wanda zai sauya batir kuma ya nemi sharaɗin mayarwa, domin rubutun da ke jikin batir ba shi ne shaidar abin da ke cikinsa ba.

Aikin malami

Duk wannan bayani ana iya nuna shi a aji da kayan da ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba, kuma ba tare da an taɓa batirin waya ba, wanda bai kamata ɗalibai su buɗe ko su yi wasa da shi ba. Malami ya samo batiran tocila guda biyu masu bolt 1.5, ɗaya sabo, ɗaya wanda rediyo ya gaji da shi, da ƙaramin ƙwan fitila, da ma'aunin bolt. Ɗalibai su fara auna kowanne shi kaɗai, za su ga tsohon ma yana nuna lambar da ba ta yi nisa da ta sabon ba. Sa'an nan su jona ƙwan fitilar su sake aunawa yayin da yake ci. Na sabon zai ɗan sauka kaɗan, na tsohon kuwa zai faɗi warwas, idan aka cire ƙwan kuma ya fara hawa a hankali. Idan akwai ma'aunin amfiya, daga waɗannan lambobi za su iya fitar da turjiyar cikin kowane batir da kansu. Bayan haka sai malami ya tambayi wa ke da waya a gida mai mutuwa da sauran caji, ya ba su aikin mako guda na rubuta lokutan mutuwarta, su kawo takardun aji a tattauna.